Yajin da Lawwali Ya Barbaɗa

Nasiru, ajiye wayar nan kafin in ƙwala maka ludayi. Tun da kuka zauna kuke tura min bidiyon jirgin ruwa a fuska, ga fitilu, ga wurin wanka a saman bene, ga weta, mai kai abinci, cikin farar riga yana washe baki ana cusa masa kuɗi a aljihu. Wai, "Baba Garba, ka yi mana hanya, ai ɗaukar faranti ne kawai." Ɗaukar faranti! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina kai wa masu yawon shaƙatawa abinci a kan teku, kafin in dawo Ƙaura in buɗe ɗan gidan abincin nan na bakin tasha, ni za ku gaya wa ɗaukar faranti ne kawai? To ku gyara zama, shinkafar ba ta nuna ba tukuna.

Aikin farko da aka ba ni a wani otal a Legas, bayan na gaji da wanke-wanke, shi ne goge cokula. Ubangidana wani tsoho ne ɗan Gana, Papa muke ce masa, ya yi aikin jirgi tun ban san hanyar makarantar allo ba. Ya zube min cokula da wuƙaƙe a tebur, na ce, "Papa, mutum nawa za su ci?" Ya ce mutum ɗaya. Mutum ɗaya! Wannan na miya, wannan na kifi, wannan na nama, wannan 'yar ƙaramar ta shafa man shanu ce. Ni da na tashi a gidan da ludayi guda ke zagaya yara duka a kan ƙwaryar fura. Kuma baƙo ba zai buɗe baki ya ce maka ya ƙoshi ba. In ya haɗe wuƙa da cokali mai yatsu a tsakiyar faranti, ya gama. In ya ware su, yana nan, kuma in ka taɓa farantin ka ja wa kanka.

Sai tire. Papa ya cika min shi da kwalaben ruwa, ya ce in hau bene da shi a hannu ɗaya. Ina tsakar hawa sai ya bangaje ni ta kafaɗa. Kwalabe suka watse, na juyo zan yi faɗa, ya ce haka ƙasa take yi a cikin jirgi, kuma ba za ta ba ni haƙuri ba. Sai da ya zamana ko ya ture ni ruwa bai zuba ba, sannan ya kai ni wurin masu ɗaukar ma'aikata.

Ranar da na fara kai abinci a jirgi, wallahi na zaci gwada ni ake yi. Kuku ya miƙo min nama, jini na tsatsowa ta gefe, ya ce in kai. Na tsaya ina kallonsa, ya daka min tsawa. Na kai, mutumin ya yanka, ya ɓata rai, ya ce a mayar, ya dahu da yawa! Tabɗi. Wata kuma ta biya kuɗin da zai sayi shanu a Moriki don ta shigo jirgin, amma ganye kaɗai take ci, ɗanye, ba ko ƙuli. Na ga masu cin dodon koɗi. Na ga cukun da in kun shaƙi warinsa sai ku nemi inda ɓera ya mutu, su kuwa suna lumshe ido. Kuma mace ake fara ajiye wa abinci, mijin yana zaune yana jira kamar baƙo.

Amma duk wannan bai girgiza ni kamar bayan kicin ba. Akwai wata na'ura da ake juye ragowar abinci, tana niƙewa. Kaza guda an gutsiri cinya kawai, a juye. Burodi ko taɓawa ba a yi ba, tunda ya hau tebur, a juye. Kuma in aka kama ka ka kai loma bakinka, ka yi sata. Na tuna yadda Innarmu ke durƙusawa tana tsince gero ƙwaya-ƙwaya in ya zube bakin turmi. Makon farko, duk farantin da zan juye sai na ce astagfirullah, har wani abokin aiki ya tambaye ni ko waƙa nake yi.

Abu biyu Papa ya fi nanata min, kuma su ne suka kawo mu ga zancen yau.

Na ɗaya, a can in baƙo ya ce a'a, to a'a ɗin ce. A nan in baƙo ya ce ya ƙoshi mun san kunya ce, sai ka ƙara tura masa kwano, ka rantse, har ya sa hannu. A can in ka ƙara wa mutum abin da bai nema ba, ka shiga haƙƙinsa. Mu a kasuwa mai sayarwa ke yin gyara. Ka sayi nama, mai tsire ya ɗora maka yanka ɗaya a kai. Ka sayi gero, a ƙara maka hannu guda. Su kuwa mai saye ke ƙarawa. Ya biya kuɗin abincinsa cif, sannan ya ba ka tukwici don ka kawo masa. Wasu a ambulan ranar sauka, wasu a naɗe cikin tafi in za ku gaisa. Albashin bai taka kara ya karya ba, a kan tukwicin nan muke rayuwa. Kai naka ka ce na gode, ka yi murmushi, ka wuce. Ba a ramawa.

Na biyu, borin jini. Akwai waɗanda jikinsu bai ɗaukar wani abinci, wani madara, wani kifi, wani gyaɗa. Da Papa ya ce gyaɗa tana kashe mutum, dariya na yi har da riƙe ciki. Gyaɗa! Ni ɗan Ƙaura, da aka yaye ni da kununta? Bai yi dariya ba. A jirgi kuwa na tarar har kusurwa aka ware musu a kicin, da kukunsu daban, da wuƙarsu daban, da katakon yankansu daban. In mutum ɗaya a tebur yana da wannan larura, abincin teburin gaba ɗaya daga kusurwar nan yake fitowa.

Shekarar korona ita ce mummunar shekararmu. Aka sauke baƙi, mu aka bar mu a tsakiyar ruwa wata da watanni, ba ƙasar da ta yarda mu taka ta. Ba baƙo, ba tukwici, tebura shimfiɗe ba kowa. Da aka samu aka sallame mu, da yawa suka rantse ba su ƙara komawa. Saboda haka da harka ta buɗe sai aka shiga neman hannu ido rufe, aka ce duk wanda ya san ma'aikacin kirki ya kawo. Ni kuma na kawo Lawwali.

Lawwali taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, ya girme ni da kaɗan. Mai tsire ne gaba da baya, a kasuwar Shinkafi ya koya wurin mahaifinsa. Daga baya ya yi shekaru yana gashi a wani otal a Legas, ya iya Turanci daidai na aiki, ko da yake Hausarsa ta ƙauye ko gezau ba ta yi ba. A lokacin 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu can gefen Zurmi. Innarsa da matarsa da ɗiyansa duk suna nan Ƙaura, cunkushe a ɗaki guda na aro a gidan wani ɗan'uwa. Ya sayi ɗan fili ya fara gini, bulo ya kai linta, saura rufi. Lissafinsa ke nan: ya yi zango ɗaya a jirgi, ya sayi kwano da katako, ya kwashe iyalinsa daga ɗakin mutane kafin damina.

Aka haɗa mu aiki ɗaya, ni ina karɓar abin da baƙi ke so, shi yana yanka nama a kan 'yar kura a gefen tebur. Kai, ku zo ku ga wuƙa a hannun Lawwali! Cinyar rago sai ya fere ta siriri-siriri, ko ina daidai, ba ya ko kallo. Turawa har tashi suke suna ɗaukarsa hoto. Nakan ce masa, "Baƙauye, yau ka zama ɗan fim." Ya ce, "Kai dai riƙe tirenka, ɗan birni, kada ka ba mu kunya."

Akwai wani tebur kusa da taga na wasu tsofaffi biyu, mata da miji, sun zo murnar daɗewar aurensu. Mijin dogo ne mai sanda, matar 'yar ƙarama, kanta fari fat, ba ta da hayaniya. Lawwali ya sa musu Baba da Inna. Tun ranar farko oganmu, shugaban ɗakin cin abinci, ya tara mu ya ce matar nan ko ƙurar gyaɗa ba ta shiga bakinta. Lawwali yana wurin, ya ji, ya kuma gane.

Baba ya ɗauki son duniya ya ɗora wa Lawwali. Bai jira ranar sauka ba, kullum in sun gama sai ya kira shi su gaisa, da kuɗi a naɗe cikin tafin. Ku da kun samu haka ai sai rawa. Shi kuwa abin damunsa ya shiga yi. Muna sauka ɗakinmu can ƙasa, inda ko taga babu, sai ya ce:

"Garba, mutumen ga ya ɗaure ni. Kullum shina ba ni, ni ban ba shi komi ba."

Na ce, "Aikin da kake masa fa?"

"Aiki an biya ni. Ina gyara? Mutum ya riƙe ka ciniki kullum, ka sallame shi hakanan? Da Babanmu na da rai sai ya tsine min."

Na ce masa nan ba Shinkafi ba ce, ya karɓa ya yi godiya ya tara kuɗin kwanonsa. Na ɗauka zancen ya mutu.

To akwai wata 'yar roba da Lawwali ke ajiyewa ƙarƙashin matashinsa. Yaji ne. Innarsa ce ta daka masa da zai taho, da turmin aro, da ƙuli-ƙuli da barkono da citta da masoro, irin na gidansu da aka san tsirensu da shi. Abincin ma'aikata lami ne, sai mu ɗan barbaɗa mu ji mun dawo mutane. Tsimi yake da shi sosai, ni kaina sai na roƙa. Ba shi da wani abu a jirgin nan da ya kai masa wannan robar daraja.

Ranar liyafar kyaftin, wato shugaban jirgi, kowa ya ci ado, maza da kwat, mata da dogayen riguna, masu kiɗa suna yi a hankali. Rana ba ta ko faɗi ba, ana ganinta ta taga. Baba da Inna duka rago suka ce suna so. Ku ji irin kiyayewar da Lawwali ya yi, don kada ku ce sakarai ne. Ya fara yanka na Inna, na ɗauka na ajiye mata. Sai da ya ga farantinta ya bar kurarsa, sannan ya yanka na Baba, ya juya baya, ya ciro robar, ya ɗan barbaɗa da 'yan yatsu, kaɗan, yadda zai ɓace cikin romo. Ya je ya wanke hannu, ya sake wuƙa. Ni duk ban gani ba, daga baya ya faɗa min.

Na ajiye wa Baba nasa, na ɗauki tire cike da kofuna zan nufi wani tebur. Na yi 'yan taku sai hancina ya ce min wani abu. Ƙamshin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, a tsakiyar teku! Na waiwaya. Baba ya riga ya kai loma, ya zaro ido, yana gyaɗa kai don daɗi. Sai na ga ya sake yanko wata, ya soka da cokali mai yatsu, ya miƙa hannu ƙetaren tebur, yana murmushi. Inna kuma ta buɗe baki.

Na ce, "Kada!" Da Hausa na faɗa, Turancin ya gudu. Tiren da Papa ya sha ture ni ban yar ba, ranar ya tafi ƙasa, kofuna suka tarwatse. Kowa ya juyo yana kallona. Ita ta riga ta haɗiye.

Innalillahi. Ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Ta fara sosa wuya, tana ɗan tari kamar ta ƙware. Kafin in ƙarasa wurin leɓenta ya kumbura, fuskar ta yi jawur, numfashinta na fita da wani ƙara siriri kamar an toshe bututu. Ta kama rigar tebur ta ja, faranti suka zube. Baba ya yar da sanda, ya zazzage jakarta a ƙasa, ya ciro wata allura ya caka mata a cinya ta saman riga. Masu kiɗa suka tsaya. Likitan jirgi ya shigo a guje da mutanensa, aka ɗora ta a gadon ɗaukar marar lafiya, Baba na binsu yana ɗingishi yana kiran sunanta. Gyaɗar da na yi wa dariya ke nan, ɗan abin da bai cika tsakanin yatsu biyu ba.

Lawwali na tsaye bakin kurarsa da wuƙa a hannu.

Oga ya tara mu a kicin. Babban kuku ya shaƙo wuyan mai kula da kusurwar nan ta musamman, wani ɗan Indiya mai 'yan mata ƙanana a gida, kullum yana nuna mana hotonsu. Bawan Allah yana kuka yana rantsuwa gyaɗa ba ta taɓa shiga wurinsa ba. Oga ya ce ya cire rigar aiki. Ba wanda ya ga Lawwali, ba wanda zai taɓa zarginsa. Da ya yi shiru, da yanzu iyalinsa na cikin gidansu.

Lawwali ya dube ni ya ce, "Garba, ba ni barin a kori bawan Allah ga kan abin da bai yi ba."

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro robar, ya ɗora a tebur.

Oga ya buɗe, ya shinshina, ya tambaya mene ne ciki. Lawwali ya faɗa masa. Oga ya yi ta kallonsa kamar ya ga aljani, ya ce don me? Lawwali ya ce kyauta ce, kuma shi bai sa a na matar ba, na mijin kaɗai. Sai ya juyo wurina, hawaye na zuba, ya koma Hausa:

"Yara na gani suna wanga rashin ta-ido, suna ba juna abinci ga baki. Amma dattijo, Garba? Mai jikoki? Gaban mutane? Ni tun da nike ban taɓa ganin Innarmu ta sa hannu kwanon Babanmu ba. Ina zan sani?"

Ni ma a gidan da na tashi, akushin maigida daban yake, da murfinsa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Da safe jirgi ya tsaya wata tashar jiragen ruwa, aka fito da ita za a kai asibiti, tana numfashi da kanta. A wannan tashar aka sauke Lawwali da jakarsa da tikitin komawa gida. Aka ba ni izinin raka shi bakin gadar sauka daga jirgi. Muna nan sai ga Baba ya fito zai shiga motar asibiti. Lawwali ya ajiye jaka, ya zube ƙasa gabansa yadda muke yi wa manya. Tsohon ya ja da baya, bai gane ba. Ya tsufa a dare ɗaya. Ya dube shi ya ce, a hankali, "Me muka yi maka?"

Wayyo. Wannan kalmar ta fi korar zafi. Lawwali ya buɗe baki, Turancinsa bai kai ba. Ni na shiga, na ce ranka ya daɗe, ba mugunta ba ce. Na yi masa bayanin gyara iyakar iyawata, na ce a wurinmu wanda ka ji daɗinsa shi kake ƙara wa, kuma abin da ya fi so a duniya ya ba ka, uwarsa ce ta daka da hannunta. Tsohon ya saurara har na gama. Ya girgiza kai ya ce, "Bai tambaye ni ba." Ya shiga mota.

Wanda aka kora kan irin wannan, ba jirgin da zai sake ɗaukarsa. Damina ta zo ta tarar da ginin a buɗe, ta wuce, wata ta zo. Ƙarshe sayarwa ya yi, ya kama haya a Shinkafi. Kun san gidan nan mai shuɗin kwano nan Ƙaura, a bayan makarantar firamare, inda kuke ajiye babura in rana ta yi zafi? Shi ne ginin nasa. Wani ne ya rufa.

Kai da ka ce ɗaukar faranti ne kawai, ka shirya ranar Alhamis ka je kasuwar Shinkafi, in hanya ta yi lafiya. Ka nemi mai tsiren da ake kira A-sa-yaji, kowa zai nuna maka. Duk wanda ya sayi nama, sai ya ɗebo yajin ya tsayar da hannu a sama ya ce, "A sa?" In ka ce a sa, ya ce, "Kai ɗai za ka ci, ko da wani?" In ka ce gida za ka kai, ba ya barbaɗawa, sai ya ƙulle maka daban a takarda. Mutanen kasuwa dariya suke masa, har yara na kwaikwayonsa. Wa ya taɓa jin tsire ba yaji? Bai taɓa gaya musu dalili ba.

Zuwana na ƙarshe na sayi nama wurinsa. Ya yanka, ya naɗe, sannan ya soko wata tsoka mai kitse da bakin wuƙa, irin wadda ya san ina so tun muna yara. Da can sai dai in je gida in tarar da ita a ciki. Ya riƙe ta sama da takardar, ni taubashinsa, da muka tashi muna wawason kwano ɗaya, ya dube ni ya ce:

"Garba, in ƙara?"

Na ce ya ƙara. Amma wallahi har na iso Ƙaura ban iya buɗe takardar ba.